Mai Ƙeya da Mai Shiru

Ɗakin makamai na Gombe ba shi da taga,
sai fanka ɗaya mai kukan tsohuwar ƙofa
da warin man bindiga da ya kama bango.
Sajan Kalmai ya shimfiɗa tsumma a benci,
ya jera guda biyu, kai da kai.
Ya ce, "Sufeto Gidado, ɗauki ɗaya ka sa hannu,
motar Bajoga ba ta jiran mai shawara."

Ta farko baƙa wuluk, bayanta sumul,
ba guduma, ba ƙaho, ba abin kama riga.
Allurarta na ciki, ta yi lamo
kamar tarwaɗar Dadin Kowa a gindin ruwa.
"Wannan ba ta da fuska biyu," in ji shi,
"jan farko da na goma nauyinsu ɗaya.
Kayan cikinta kaɗan, wankinta ba wuya.
Yaran yanzu ita suke rububi."

Ta biyu ta ga jiya, kube ya cinye fentinta,
ƙarfe zalla, ta cika tafin hannu.
Gudumarta na ƙeya, a fili, ba ɓoyo:
in ta ɗaga kai, ido ya gani,
in ta kwanta, babban yatsa ya shaida ko a duhu.
Jan farko nata doguwar tafiya ce,
kamar jawo guga daga rijiyar Dukku.
Na biyu kuwa, taɓawa kawai.

Na juya ta, na sake juyawa.
Sajan ya yi tsaki, ya dubi agogo.

Shekara huɗu ke nan, a shingen hanyar Kumo,
ƙarfe biyun dare, ruwa na yayyafi,
wata akori-kura ta mutu dab da mu.
Mutum ya diro, wani abu na ƙyalli a hannunsa.
Ban san lokacin da na zare ba.
Yatsana ya kama hanya,
kunama ta yi masa nauyi, tana ja yana ja,
na ga guduma tana ɗago kai a hasken tocila
sannu,
sannu,
kamar mai tambaya, "Ka tabbata?"
A wannan ɗan tsakanin muryarsa ta iso:
"Ranka ya daɗe, sifana ce!"

Barde sunansa, bakanike.
Har yau in na bi ta Kumo
shi ke duba min birki, ba ya karɓar sisi,
bai kuma san tsawon abin da ya rage ba.
Ni na sani. Bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Da na gama, Sajan bai ce sannu ba.
Ya ɗage riga, ya nuna min tabo a haƙarƙari.
"Nafada," ya ce. "Irin wannan ce a ƙuguna.
Gudumar ta sarƙe da zaren suwaita,
kafin in fizgo, an riga ni.
Abin da ya ceci naka Barde
shi ya kwantar da ni wata uku a asibiti.
Kada ka ɗora wa sifirin aikin zuciya.
Yatsa a waje, har sai kai ya yanke.
Duk biyun kurame ne, ba mai jin salati."

Gaskiya ya faɗa, ban musa ba.
Na auna mai shirun, ta zauna daram,
da gasa za ni, da ita zan ɗauka.
Amma na san kaina da dare,
na san yadda tsoro ke rigan tunani zuwa yatsa.
Ina son abin da zai ja min rai kaɗan,
ina son ƙeyar da zan dafa
lokacin mayarwa kube.

Na tura masa baƙar, na riƙe tsohuwar.
Ya buɗe rajista, biro ya ƙi, ya karkaɗa,
ya rubuta lamba, na sa hannu a gefe.
Ya ƙirga harsashi a tafina, ɗaya bayan ɗaya,
sha biyar.

Ina bakin ƙofa ya kira ni, bai ɗago kai ba:
"Sufeto, ni dai lissafi nake so ya cika.
Dawo min da su sha biyar."